Kwana goma kafin al'ada sai in koma wata mace daban

Anti, ina yi miki fatan alheri. Shekarata 32, ina da aure da 'ya'ya biyu, kuma ina aikin ofis. Kusan shekara uku ke nan, duk wata idan ya rage kamar kwana goma in ga al'adata sai in koma wata mace daban. Nonuwana su yi nauyi su riƙa ciwo, cikina ya kumbura har tufafina su matse ni, kaina ya riƙa sarawa, kwaɗayin zaƙi ya taso mini, abu kaɗan kuma in fashe da kuka ko in daka wa yara tsawa, daga baya in zauna ina nadama. Da jinin ya zo da kwana ɗaya ko biyu sai komai ya wuce kamar ba a yi ba. Maigidana ya ce na mai da al'ada hujjar rashin haƙuri. Wata abokiyar aikina ta rubuta mini sunayen ƙwayoyin bitamin da na tsirrai har guda biyar, ta ce in haɗa su gaba ɗaya. Ni kuma ba na son in riƙa shan maganin asibiti kowane wata. Wace hanya zan bi in samu sauƙi ba tare da magani ba?

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da kika faɗa a taƙaice kamar ba ta da muhimmanci, wato cewa da jinin ya zo da kwana ɗaya ko biyu sai komai ya wuce. Mai rashin haƙuri na asali ba ta samun hutun mako biyu a kowane wata, halinta yana tare da ita daga farkon wata har ƙarshensa. Abin da yake zuwa a kan lokaci ya kuma tafi a kan lokaci, wata bayan wata har shekara uku, yana da dalili a cikin jiki, kuma likitoci sun daɗe da saninsa. Tun a shekarar 1931 wani likitan mata a Amurka mai suna Robert Frank ya yi rubutu a kan matan da suke shiga ƙunci da tashin hankali idan al'adarsu ta gabato, sannan a 1953 wasu likitoci biyu a Ingila, Katharina Dalton da Raymond Greene, suka yi amfani da sunan da ake taƙaitawa da haruffan PMS har yau. Mu kira ta larurar gabanin al'ada. Yawancin mata suna jin wani abu daga cikin alamominta, amma waɗanda take hana su sakat, kamar ke, su ne suke bukatar a zauna a yi musu tsari.

Ya kamata ki san abin da yake faruwa a jikinki kafin ki sayi ko da ƙwaya ɗaya, domin wannan sanin ne zai kare aljihunki. Kimanin kwana 14 kafin jinin al'ada ya zo, ƙwai yakan fita daga ma'ajiyarsa, daga nan sai sinadarin da ake kira furojestaron ya hauhawa a cikin jini tare da istirojin domin su shirya mahaifa ko da ciki zai shiga. Idan ciki bai shiga ba, sai su biyun su sauko a cikin 'yan kwanaki, jinin ya biyo baya. Wannan hawa da sauka yana faruwa ga kowace mace mai al'ada, kuma idan aka auna jinin mai irin larurarki da na wadda ba ta jin komai, yawan sinadaran kusan ɗaya ake samu. Bambancin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take karɓar sauyin. A 1998 wasu masu bincike a Amurka sun ba mata maganin da yake tsayar da aikin ma'ajiyar ƙwai na ɗan lokaci, sa'an nan suka mayar musu da sinadaran nan ta hanyar magani. Matan da suke da larurar, waɗanda alamominsu suka lafa da aka tsayar da sinadaran, sai alamomin suka dawo musu, alhali matan da ba su da ita ba su ji wani sauyi ba. Ana ganin sauyin yana taɓa sirotonin, wani sinadari na ƙwaƙwalwa da yake da hannu a walwala da barci da sha'awar abinci, shi ya sa kuka da rashin barci da kwaɗayin zaƙi suke zuwa miki a tare. Saboda haka duk wanda ya tallata miki wani abu da sunan zai daidaita miki sinadaran jiki, ki sani yana neman gyara abin da bai karkace ba.

Aikin farko da zan ba ki ba ya cin kuɗi, kuma shi ne likitan mata zai fara nema a wurinki idan kika je gare shi. Ki samu ɗan littafi, ko ki buɗe shafi a wayarki, ki rubuta alamomi biyar ko shida da suka fi damun ki. Kowane dare kafin ki kwanta ki ba kowace alama maki daga 0 zuwa 3, ki kuma sa alama a ranakun da kike ganin jini. Ki yi haka kullum, har da ranakun da kike jin garau, na tsawon zagayen al'ada biyu cikakku. Na san za ki ce ai kin riga kin san yadda abin yake, amma tunani yana da son kai, yana riƙe ranar da aka yi rigima ya manta da ranakun da aka wuni lafiya. Idan rubutun ya nuna alamomin suna tasowa bayan tsakiyar zagaye, suna gushewa a cikin kwana huɗu na farkon jini, kuma kina samun aƙalla mako guda da ba kya jin komai, to larurar gabanin al'ada ce. Idan kuwa kika ga kasala ko baƙin ciki suna nan duk wata, sai dai su ƙaru gab da al'ada, to akwai wani abu a ƙarƙashi da yake bukatar a duba, kamar ƙarancin jini, ko matsalar tayirod da take a maƙogwaro, ko ciwon damuwa, kuma babu adadin bitamin da zai magance waɗannan idan ba a gano su ba. Wannan littafin ne kuma zai zama ma'auninki daga baya, domin da shi za ki gane ko abin da kika gwada ya yi aiki ko bai yi ba.

A cikin hanyoyin da ba na magani ba, motsa jiki nake sa wa gaba. Binciken da aka yi a kansa ba manya ba ne, amma sun fi karkata ga cewa yana rage ƙunci da kasala da kumburi, kuma ko da bai yi miki komai a kan wannan larura ba, zuciyarki da ƙasusuwanki za su amfana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato kamar minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri ta isa, irin wadda numfashinki zai ɗan ƙaru amma kina iya magana. Kuskuren da mata da yawa suke yi shi ne jira sai kwanakin wahala sun zo kafin su fara, alhali a lokacin jiki ya riga ya yi nauyi, zuciya kuma ba ta son komai. Ki fara a makon da jinin ya ɗauke, lokacin da kike da ƙarfi da walwala, ta yadda idan kwanakin nan goma suka iso ya riga ya zama miki sabo. A ranakun da nonuwanki suke ciwo, rigar mama mai riƙewa sosai tana sa tafiyar ta yi sauƙi, kuma idan kin kasa minti 30 ki yi 10, kada ki bari gaba ɗaya. Na san mai aikin ofis da yara biyu za ta tambaye ni inda za ta samo lokacin. Ana iya raba shi gida biyu ko uku a yini, amfanin bai ragu ba.

Ta fuskar abinci, kalsiyam ne ya fi samun hujja mai ƙarfi. A wani gwaji da aka wallafa a 1998, an raba mata 466 gida biyu, aka ba rukuni ɗaya miligiram 1,200 na kalsiyam kullum, ɗayan kuma aka ba su ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Zuwa zagaye na uku alamomin rukunin farko sun ragu da kashi 48 cikin 100, na rukuni na biyu kuma da kashi 30. Ki lura da abu biyu a nan. Na farko, sai da aka kai wata na uku kafin amfanin ya fito sosai, saboda haka wadda ta sha na mako biyu ta ce bai yi aiki ba ta yi gaggawa. Na biyu, hatta waɗanda aka ba ƙwayar banza sun ji sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa abokiyar aikinki za ta iya rantsewa cewa haɗinta ya yi mata aiki, ba tare da ta yi ƙarya ba kuma ba tare da haɗin ya yi komai ba. Ni na fi so ki fara neman kalsiyam ɗin a cikin abinci. Kofi ɗaya na madara yana ɗauke da kimanin miligiram 300, ana kuma samun sa a yogot da cuku da ƙananan kifayen da ake ci da ƙashinsu da ganyaye masu duhun kore. Idan abinci bai isa ba kika koma ga ƙwaya, ki raba ta sau biyu a yini, domin jiki ba ya tsotse fiye da kimanin miligiram 500 da kyau a lokaci guda, kada kuma ki sha ta a lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini ko maganin tayirod saboda tana hana su shiga jiki yadda ya kamata. Wadda ta taɓa yin tsakuwar ƙoda ta tambayi likita tukuna.

Kwaɗayin zaƙi kuwa, faɗa da shi da yunwa ba ya cin nasara. Idan kika tsallake abincin safe kika wuni a ofis ba ki ci wani abin kirki ba, da yamma jikinki zai nemi sukari ido rufe, ki sha, ki ji daɗi na ɗan lokaci, sannan kasala da ɓacin rai su dawo daidai lokacin da yara suke bukatar ki. A kwanakin nan ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kan kari, wanda yake daɗewa a ciki, kamar hatsin da ba a cire masa dusa ba da wake da ƙwai da 'ya'yan itatuwa. Rage gishiri yana taimaka wa wasu mata wajen kumburi, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga kowane babba shi ne ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake ɓoye a cikin abincin gwangwani da na leda. Game da kofi da shayi da lemon kwalba masu kafeyin, hujjar cewa su ne suke jawo larurar ba ta da ƙarfi, amma sanannen abu ne cewa kafeyin yana ƙara faɗuwar gaba yana kuma ɓata barci, don haka ya cancanci ki gwada rage shi na zagaye ɗaya ki ga abin da littafinki zai nuna. Ki rage a hankali, domin yanke shi lokaci guda yana sa ciwon kai, ke kuma kina da naki. Barci na awa bakwai zuwa tara, a kan lokaci ɗaya kowane dare, ya fi muhimmanci a wannan makon fiye da kowane mako. Sigari da barasa suna tsananta abin, na faɗa ne saboda sauran masu karatu.

Yanzu ga takardar abokiyar aikinki. Ban ga sunayen da ta rubuta ba, amma na san waɗanda aka saba ambata. Bitamin B6 yana cikinsu kusan kullum. Wani nazari da aka yi a 1999 a kan gwaje-gwaje tara ya nuna mai yiwuwa yana taimakawa idan bai wuce miligiram 100 a yini ba, sai dai gwaje-gwajen ba su da inganci sosai, kuma wannan bitamin idan ya yi yawa na tsawon lokaci yana lalata jijiyoyi, hannu da ƙafa su riƙa mutuwa ko a ji kamar ana soka allura. Saboda wannan haɗari ne hukumomin lafiya a Birtaniya suke cewa kada mutum ya wuce miligiram 10 a yini sai da umarnin likita. Matsalar haɗa ƙwayoyi biyar ita ce uku daga cikinsu suna iya kasancewa ɗauke da B6 ba ki sani ba. Maginiziyam yana rage wa wasu kumburi da ciwon kai, hujjarsa ba ta kai ta kalsiyam ba, yana sa gudawa idan ya yi yawa, kuma bai dace da mai ciwon ƙoda ba.

A cikin tsirrai, wanda ya fi samun goyon bayan bincike shi ne wanda masana suke kira Vitex agnus-castus. A wani gwaji da aka wallafa a 2001 a kan mata 170, kashi 52 cikin 100 na masu shan sa sun samu sauƙi mai yawa bayan zagaye uku, idan aka kwatanta da kashi 24 na masu shan ƙwayar banza. Amma wani tace na musamman aka yi amfani da shi a gwajin, da ma'auni sananne, kuma abin da ake sayarwa a kwalabe ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani. Ba a shan sa da juna biyu ko ana shayarwa, kuma idan kina neman haihuwa ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa sai kin yi magana da likita. Man da ake kira evening primrose ya yi suna, amma gwaje-gwaje masu kyau ba su nuna ya fi ƙwayar banza ba, ni ba zan kashe kuɗina a kansa ba. Wanda nake so ki yi hattara da shi sosai shi ne St John's wort, domin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa har ciki ya iya shiga, kuma idan ya haɗu da magungunan ciwon damuwa yana iya jawo mummunar illa. Kasancewar abu ya fito daga tsiro ba ya hana shi aiki a jiki kamar kowane magani. Idan za ki gwada wani daga cikin waɗannan, ki gwada guda ɗaya, na tsawon zagaye uku, kina rubutawa. Idan kika haɗa biyar kika ji sauƙi ba za ki san wanne ya yi aikin ba, idan kuma kika ji illa ba za ki san wanne za ki bari ba.

Maganar maigidanki ta ɓata miki rai, kuma ina ganin ta fi kumburin ciki yi miki ciwo. Kada ki tayar da zancen a cikin kwanakin nan goma, lokacin da ke da shi kowa yana kusa da fusata. Ki bari sai kin cika zagaye biyu kina rubutu, ki zaɓi ranar da kuke cikin walwala, ki ajiye masa littafin ya duba da idonsa yadda makin yake hawa yana sauka a kan ranaku ɗaya kowane wata, ai gani ya kori ji. Sa'an nan ki faɗa masa takamaiman abin da kike bukata, misali ya ɗauki nauyin aikin makarantar yara da yamma a wannan makon, ko ku ɗage duk wata muhawara mai nauyi zuwa bayansa. Namiji ya fi gane buƙatar da aka ambata masa da sunanta a kan a ce masa ya riƙa fahimta. A ɗaya ɓangaren kuma, zan gaya miki gaskiya a matsayin 'yar'uwa, larurar tana bayyana dalilin tsawar da kike yi wa yara, amma su yaran tsawar kawai suke ji. Tunda yanzu za ki san ranakun tun kafin su zo, ki rage wa kanki kaya a cikinsu, ki daina ɗora manyan ayyukan gida da karɓar baƙi a wannan makon idan da hali, kuma idan kika ji fushin yana tasowa ki bar ɗakin na minti biyar kina jan numfashi a hankali kafin ki buɗe baki. Idan ta kuɓuce miki kika yi tsawar, ki ba su haƙuri da kalmomin da za su gane. Akwai kuma hanyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wadda ake koya wa mutum yadda zai kama tunaninsa kafin ya kai shi ga fushi ko kuka, kuma ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta sa ta cikin hanyoyin da take ba da shawarar a bi wajen wannan larura. Ita ma ba ta bukatar ƙwaya.

Akwai iyakar da idan aka kai ta, motsa jiki da madara ba za su wadatar ba. Kimanin mata 3 zuwa 8 cikin 100 suna da nau'i mai tsanani na wannan larura, wanda ake taƙaita sunansa da PMDD, kuma tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Alamarsa ita ce baƙin ciki ko fargaba ko fushi su kai matsayin da mace ba ta iya aiki, ko aurenta ya shiga haɗari, ko ta ji rayuwa ta fita daga ranta. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ko da sau ɗaya ne, ko da kin san zai wuce da zuwan jini, kada ki jira cikar zagaye biyu, ki gaya wa wanda kika amince da shi ki ga likita a ranar. Haka nan idan jinin yana zuba da yawa fiye da da, ko ciwon mara yana kwantar da ke, ko kika ji ƙullutu a nono wanda bai baje ba bayan al'ada, waɗannan ba na larurar gabanin al'ada ba ne, suna bukatar a duba su daban.

Na fahimci ƙin da kike yi wa shan magani kowane wata, kuma ban ga laifinki ba idan kika fara da hanyoyin da na ambata. Sai dai ina so ki san abin da kike ƙi. Magungunan da suke ƙara ƙarfin sirotonin suna aiki a kan wannan larura cikin 'yan kwanaki, ba kamar a ciwon damuwa ba inda ake jiran makonni, shi ya sa wasu matan suke shan su a mako biyun ƙarshe na zagaye kawai. Wasu nau'o'in ƙwayar tazarar haihuwa ma suna taimakawa ta hanyar hana fitar ƙwai. Likita ne zai duba wanda ya dace da ke, idan ma ana bukatarsa. Ki fara rubutun daga daren yau, ki soma tafiyar da zarar jinin wannan watan ya ɗauke, ki ƙara kalsiyam a abincinki, ki ajiye takardar abokiyar aikinki a aljihun tebur tukuna. Idan zagaye uku suka wuce makin bai sauko ba, ki ɗauki littafin ki tafi da shi wurin likitan mata, tare da takardar, domin ya ga abin da kika riga kika gwada da abin da aka ce ki sha.